Fatsa da Sanda a Farkon Kaka: Yadda Ake Kama Kifi Daga Bakin Dam

Idan Satumba ta raba, gero ya sunkuyar da kai a gonaki, hadari kuma ya fara haɗuwa yana bajewa bai zubar ba, ka daure wata rana ka je bakin dam ɗin Ajiwa bayan sallar asuba. Kada ka ɗauki komai. Tsaya kawai ka yi shiru na minti goma. Ruwa ya cika ya haye filin da tumaki suke kiwo a watan Mayu, ciyawa tana tsaye cikinsa har wuya. Can za ka ga 'yan ƙananan kifaye sun tarwatse a saman ruwa kamar an watsa tsaba, wani abu ya juya a ƙarƙashinsu ya bar kumfa. Fara ta yi tsalle ta kuskure ta faɗa ruwa, kafin ta yi shure-shure uku an haɗiye ta. Duk wannan a nisan da bai wuce taku goma daga inda kake tsaye ba.

A sauran watannin shekara kifi yana can tsakiya, sai mai kwalekwale ko mai gora da taru. Daga tsakiyar Satumba zuwa ƙarshen Oktoba kuwa abinci yana bakin gaɓa, kuma inda abinci yake nan kifi yake. Da yawa cikinmu a waya muka fara ganin irin wannan fatsa: mutum tsaye a bakin teku a gabashin Amurka da kaka, tsuntsaye suna faɗawa ruwa, yana jefa ƙarfe mai walƙiya yana jawo manyan kifaye. A can sanyi ne yake taso ƙananan kifaye daga bakin koguna su nufi kudu, manya su biyo su har gaɓa. A nan cikar ruwa ce take yin wannan aiki. Ba mu da teku a Katsina, amma muna da Zobe kusa da Dutsin-Ma, wanda aka gama a 1983 a kan kogin Karaduwa, muna da Jibiya, da Ajiwa, da Mairuwa ta wajen Funtuwa, mutanen Daura kuma suna da Sabke da Daberam.

Hanyoyi biyu zan yi bayani, kuma dukkansu sun bambanta da fatsar da muka taso da ita, inda yaro zai soke tana a ƙugiya ya ɗaura totuwa ya zauna jira. Ta farko ita ce fatsar naɗi: sanda mai ɗauke da manaɗin zare, ka jefa koton ƙarya na ƙarfe ko na roba, ka naɗo shi yana iyo kamar ɗan kifi. Ta biyu fatsar ƙwaro: ƙugiya ce da aka lulluɓe da gashin tsuntsu ta yi kama da ƙwaro, ba ta da wani nauyi, nauyin zaren ne yake kai ta. Duk cikinsu ba a zama. Tafiya ake yi ana neman kifi.

Fara da mutanen wurin

Kowane ruwa yana da masu shi. Kafin ka warware zare, nemi masuntan da ke wurin ka gaishe su, idan akwai sarkin ruwa ka je gare shi. Magana kaɗan ta isa: "Baba, barka da aiki. Na zo gwada fatsa ne da sanda, ta wane gefe ba ku kafa kalli ba?" Wannan tambaya tana yi maka aiki biyu. Ta nuna ka san koton ƙarfe mai ƙugiya uku yana yaga raga, ragar nan kuwa ita ce abincin gidan mutum. Sannan ta buɗe hira, a cikin hirar za ka ji irin kifin da ake samu a makon, da inda rami yake, da inda laka take haɗiye ƙafa. Gorunan roba da kake gani a jere a kan ruwa alamar raga ce a ƙasa, kada ka jefa ta kansu. Wajen injinan tura ruwan sha da bakin magudanar dam kuma akwai ma'aikata da dokarsu, idan sun ce a'a, a'a ce.

Ka tambayi halin hanya a ranar da za ka tafi, ba labarin makon jiya ba, musamman ta wajen Jibiya da yammacin Dutsin-Ma. Kada ka tafi kai kaɗai, kuma ka baro wurin da sauran haske.

Kayan fatsar naɗi

Ƙugiya da zaren nailan kana samunsu a kasuwa wajen masu kayan su. Sanda da manaɗi kuwa galibi sai an yi oda ta intanet ko an aiko maka daga Legas. Kada ka bari hoto ya ruɗe ka ka sayi doguwar sandar teku. Nemi mai tsawon mita 2.1 zuwa 2.4, wadda aka rubuta a jikinta cewa tana jefa giram 5 zuwa 25. Manaɗi mai lamba 2500 ko 3000 ya dace da ita. Zare kuwa nailan mai kaurin milimita 0.25, wanda yake ɗaukar kilo huɗu zuwa biyar kafin ya tsinke. Akwai zare mai kitso, ya fi ƙarfi kuma ya fi nisa wajen jifa, amma yana da tsada, yana yanka yatsa, kuma idan ya cukurkuɗe a iska sai wuƙa. Bar shi sai hannunka ya faɗa.

Koton ƙarya kala uku sun ishe ka wannan kakar. Na farko mai farfela, wato ɗan ƙarfe da yake juyawa a jikin waya idan ana ja; irin na kamfanin Mepps lamba 1 da 2 su ne daidai bakin kawara da karfasa. Na biyu cokali, ƙarfe ne mai lanƙwasa kamar kan cokalin shayi, giram 7 zuwa 14, fari ɗaya ruwan zinariya ɗaya. Na uku kifin roba mai laushi, tsawon ɗan yatsa, da ake sokawa a ƙugiya mai kan dalma. Ka haɗa da 'yan majuya, ƙananan ƙarafan nan masu juyawa da ake ɗaurawa tsakanin zare da koto, domin mai farfela yana murɗe zare. Sai filaya don cire ƙugiya, da hula, da tabarau.

Wajen ɗura zare a ƙwarƙwaron manaɗi, jiƙa nailan ɗin a ruwa tukuna ya yi laushi, ka sa wani ya riƙe maka shi da ɗan tauri kana naɗawa. Tsaya idan ya rage kamar milimita biyu ya kai baki. Idan ya cika fal zai riƙa zubowa dunƙule-dunƙule, idan kuma ya yi ƙasa sosai jifa ba za ta yi nisa ba.

Ƙulli ɗaya ka koya ka iya shi ko ido rufe, shi ne wanda ake kira Palomar. Ninka bakin zaren biyu kamar tsawon tafin hannu. Zura ninkin cikin idon ƙugiya ko majuyi. Yi ƙulli guda sako-sako da ninkin, kamar za ka ɗaure bakin leda, amma kada ka ja. Sai ka zura koton gaba ɗayansa ta cikin madaukin da ya rage. Jiƙa da miyau, ja a hankali har ya zauna, yanke saura. Jiƙawar nan ba al'ada ba ce kawai: nailan busasshe idan aka ja shi yana zafi ya raunana a daidai wurin ƙullin.

Saura birki, wato murfin da ke saman ƙwarƙwaro, wanda yake barin zare ya fita idan kifi ya ja da ƙarfi. Yawancin masu farawa suna ɗaure shi tamau, shi ya sa babban kifi na farko yake tafiya da kotonsu. Ga awo mai sauƙi: sa ledar fiya wata biyu a cikin leda guda, kilo ɗaya ke nan. Ɗaura a bakin zare ka ɗaga a hankali. Murɗa birkin har ya zama zare yana fara zamewa daidai lokacin da ledar take barin ƙasa.

Jifa

Riƙe sanda yadda ƙafar manaɗi za ta shiga tsakanin yatsunka, manaɗin yana rataye a ƙasa. Bar koto ya sauko kamar kamu ɗaya daga kan sanda. Ɗauko zaren da ɗan yatsanka manuni ka danne shi a jikin sanda, sannan ka buɗe bakan ƙarfen da ke tare zare. Waiga baya. Ko da yaushe waiga baya, domin yara suna taruwa a bayan mai sanda ba tare da ya ji zuwansu ba. Kai sanda baya ta saman kafaɗa, ka dawo da ita gaba da sauri, ka saki yatsa lokacin da kanta yake nuna saman bishiyoyin da ke tsallake. Idan koto ya tashi sama ya faɗo kusa, ka saki da wuri. Idan ya doki ruwa a gabanka, ka makara. Da ya faɗa ruwa rufe bakan da hannu, ka ja zaren ya miƙe kafin ka fara naɗi. Rabin awa a fili da dunƙulen dalma marar ƙugiya ya isa ka kama hannu.

Karanta ruwa

Nan ne aikin yake, kuma nan ne nake so ka fi daɗewa. Na ga mutum da kaya masu tsada ya tsaya wuri ɗaya awa uku yana jefawa tsakiyar dam iya ƙarfinsa, ya koma da jaka wayam, alhali kifi yana cin abinci a gefen ƙafarsa. Dam faɗi gare shi, amma kifin da yake farauta yana 'yan wurare ƙalilan.

Wuri na farko shi ne bakin ciyawa, inda ciyawar da ruwa ya cinye ta ƙare, fili ya fara. Kifayen da aka ƙyanƙyashe da damina suna ɓuya cikin ciyawar, masu cinsu suna sintiri a gefenta. Don haka kada ka jefa gaba, jefa a kaikaice, koto ya bi layin ciyawar tun daga faɗuwarsa har zuwa ƙafarka. Jifa ɗaya irin wannan ta fi goma na tsakiya.

Na biyu, inda ƙorama take shigowa dam. Ruwan da take kawowa ja ne, na dam kuma ya fara kwantawa, sai ka ga layi a fili tsakanin jan ruwa da mai haske. Ƙorama tana kawo tana da ƙwari da duk abin da ta sharo daga gonaki. Tarwaɗa da ragon ruwa suna tsayawa ta gefen jan, kawara ta gefen mai haske. Ja kotonka a kan layin.

Na uku, gaɓar da iska take bugawa. Kowa yana son ya ba iska baya don jifa ta yi daɗi, amma iska tana tura ƙwari da ƙananan halittun ruwa zuwa gefen da take nufa, kifi kuma ya bi su. Idan za ka iya jure ta a fuska, can ne. Sai gindin itatuwan da ruwa ya kewaye, da duwatsu, da duk inda ƙasa ta yi gangare farat ɗaya daga gwiwa zuwa wuya.

Tsuntsaye ma 'yan rahoto ne. Zalɓe ba ya tsayawa inda babu ƙananan kifaye. Haka ɗan tsuntsun nan mai fari da baƙi da yake tsayawa cak a sama yana kaɗa fiffike sannan ya faɗo ruwa da baki: inda ya faɗa sau biyu, jefa nan.

Duba launin ruwa kafin ka zaɓi koto. Tsoma hannu har gwiwar hannu. Idan kana ganin yatsunka, sa farin cokali ko kifin roba mai launin ƙasa. Idan ba ka gani, sa mai farfela ko ruwan zinariya, domin a irin wannan ruwa kifi yana jin motsi ne da layin da ke gefen jikinsa fiye da yadda yake gani. Idan kuwa an kwana ana ruwa dam ya koma kamar kunu, ka haƙura kwana biyu ko uku.

Hausawa sun ce kifi na ganinka mai jar koma, kuma a ruwa marar zurfi maganar a zahiri take. Kada ka sa farar riga. Kada inuwarka ta faɗa inda za ka jefa. Taka ƙasa a hankali, ka yi jifar farko tun kana taku uku baya da bakin ruwa. Lokaci kuwa daga fitowar haske zuwa wajen ƙarfe tara, sai kuma bayan la'asar. Ranar da gari ya yi lumshi kifi yakan ci har azahar.

A kowane wuri yi jifa biyar zuwa bakwai a baje kamar mafici, daga hagu zuwa dama. Ba a taɓa ba, matsa taku ashirin.

Jan koto da kokawa da kifi

Mai farfela yana son naɗi a hankali, daidai saurin da za ka ji ɗan kakkarwarsa a sanda. Da ka daina ji, ko ya daina juyawa ko ya ɗauko ciyawa. Cokali kuma ƙirga ake yi masa: ya faɗa ruwa ka ƙirga uku ka fara naɗi, jifa ta gaba biyar, ta gaba takwas, har ka gano zurfin da kifi yake, sai ka tsaya a kan wannan lamba. Kana cikin naɗi ka riƙa ɗan tsayawa na daƙiƙa ɗaya, cokalin ya yi lilo yana nutsewa kamar kifin da ya ji rauni. Sau da yawa a nan ake kai masa cafka. Kifin roba shi ne na tarwaɗa da ragon ruwa: bar shi ya kai ƙasa, ɗaga kan sanda ya yi tsalle, bar shi ya koma, naɗe sakin zaren, maimaita.

Gaskiyar da ya kamata ka sani ita ce karfasa ba mafarauciya ba ce sosai, yawancin cinta gansakuka ne da ƙananan abubuwan ruwa, don haka ba kullum take bin ƙarfe ba. Ƙaramin mai farfela kan same ta, amma ƙwaro ya fi. Tsage da giwan ruwa kuwa, waɗanda suka fi kowa son koton ƙarya, an fi saninsu a manyan ruwaye irin su Kainji da kogin Neja. Idan masunta suka ce maka akwai tsage a ruwan da kake, ɗaura siririyar waya tsawon tafin hannu a gaban koto, domin haƙoransa suna datse nailan kamar almakashi.

Idan aka kama, za ka ji kamar an ƙwanƙwasa sanda ko ta yi nauyi kwatsam. Ɗaga ta da ɗan ƙarfi sau ɗaya, ba fizga ba. Daga nan abu biyu: sanda ta kasance a lanƙwashe, zare kuma kada ya saki. Idan birki yana kuka kifi yana gudu, daina naɗi, naɗi a lokacin murɗe zare kawai yake yi. Ya tsaya, ɗaga sanda a hankali, sauke ta kana naɗewa. Ya nufi ciyawa, kwantar da sanda ta ɗaya gefen ka juyo kansa. Ka jawo shi kan gaɓa mai gangare, kada ka ɗaga shi sama da sanda.

Tarwaɗa da kurungu suna da ƙaya a fiffiken gefe, kurungu har da ta baya, kuma yana kafe su. Riƙe su ta bayan ƙayoyin, cire ƙugiya da filaya. Abin da bai kai tafin hannu ba mayar da shi da jiƙaƙƙen hannu. Haka karfasar da ka ga bakinta cike da ƙwai ko 'ya'ya, domin a baki uwar take renonsu, kuma ita ce kifin baɗi.

Fatsar ƙwaro

Wannan ita ce ta fi kwanta mini a rai, kuma farkon kaka lokacinta ne saboda fara. Sandarta daban ce: mita 2.7, lamba 6, da zare mai kauri mai yawo a saman ruwa, shi ma lamba 6. Lambar sanda da ta zare dole su zo ɗaya. A bakin zaren mai kauri ake ɗaura siririn nailan da kifi ba ya gani, kuma kana iya haɗa shi da kanka: mita 1.2 na milimita 0.45, santimita 80 na 0.35, santimita 60 na 0.25, kowane a ɗaure da na gabansa. Raguwar kaurin ce take sa ƙwaro ya miƙe ya sauka a hankali.

Jifarta sai an koya a tudu. Je filin ƙwallo da sassafe, ɗaura ɗan ulu a madadin ƙwaro, jawo zare kamar mita takwas ka shimfiɗa a gabanka. Babban yatsa a saman mariƙi, wuyan hannu a kafe. Ɗaga sanda kana ƙara sauri, ka tsaya cak idan ta ɗan wuce kunnenka. Jira. Wannan jiran shi ne abin da ke ba kowa wuya: sai zaren ya miƙe a bayanka sannan ka turo gaba, ka sake tsayawa cak sanda tana nuna sama da kai kaɗan, zaren ya warware, ka bi shi da sanda zuwa ƙasa. Idan ka ji ƙara kamar bulala, ka yi gaggawa. Idan zaren ya taɓa ƙasa a baya, ka kai sanda baya da yawa. Juya kai ka kalli zaren a bayanka, ba laifi ba ne. Mita goma zuwa goma sha biyu sun ishe ka kama kifi.

A bakin dam sau da yawa dawa ko dogayen ciyayi suna bayanka. A nan sai jifar birgima: zare yana kan ruwa a gabanka, ɗaga sanda a hankali har zaren ya yi ciki a bayan kafaɗarka, ka buga gaba, ya birgima a kan ruwa ya miƙe. Iska kuma kada ta fito ta gefen hannun da kake jifa da shi, za ta turo maka ƙugiya a wuya. Hula da tabarau a nan wajibi ne.

Ƙwarin kuwa ba sai ka saya ba. Gashin zabo mai ɗigo-ɗigon nan da ake zubarwa a bayan gidajenmu, masu ɗaura ƙwaro a Turai da kuɗi suke sayensa. Da zaren ɗinki mai ƙarfi, da gam, da filaya da za ta riƙe ƙugiya, kana iya yin kala uku.

Farar ƙarya: yanko soson tsohon silifas siriri, tsawon santimita uku, ɗaura shi a bayan ƙugiya lamba 8 a wuri biyu ya yi kai da ciki. Ɗaura robar ɗaure kuɗi a gefe biyu ta zama ƙafafu, ɗora gashin zabo ɗaya a sama ya zama fiffike. Jefa ta gefen ciyawa ta faɗi da ɗan ƙara, ka bar ta. Ƙirga biyar, ɗan girgiza ta, sake bari. Ganin kawara ta taso ta ɗauke ta a idonka shi ne abin da yake mayar da mutum bakin ruwa kowace Asabar. Kada ka ɗaga sanda da ganin fantsama, bari ka ga zare ya motsa.

Na biyu ɗan ƙwaro mai nutsewa: naɗe jikin ƙugiya lamba 10 da baƙin zare ko kore, ka naɗa ƙaramin gashin zabo sau biyu a wuyanta, silin gashin su kwanta baya. A ruwa suna buɗewa suna rufewa kamar ƙafafu. Wannan ne na karfasa. Bar shi ya nutse a hankali, ka riƙa jan zare da yatsu kaɗan-kaɗan.

Na uku ɗan kifi, irin wanda wani Ba'amurke mai suna Bob Clouser ya ƙirƙiro a 1987, ake kama kifi da shi a kogi da teku. Yanko ƙwallo biyu a haɗe daga sarƙar nan mai ƙananan ƙwallaye ta maƙalin makulli, ɗaura su a bayan ƙugiya lamba 4 kusa da ido. Ɗaura farin gashin akuya ta gefen idanun, jan gashi ko baƙi ta gefen tsinin. Nauyin idanun yana kifar da ƙugiya tsininta ya kalli sama, shi ya sa ba ta cika kama ciyawa ba. Ana jan sa da hannu, kamu-kamu, da ɗan tsayawa. Idan aka kama, ja zaren da hannu tukuna kafin ka ɗaga sanda.

Lafiyarka

Ruwan dam da ciyawa gidan katantanwar da ke yaɗa tsargiya ne, ƙwayar cutar kuma ta fata take shiga. Tsaya a tudu, idan dole ka shiga sa dogon takalmin roba. Wanda ya ga jini a fitsari ya je asibiti, akwai maganinta. Ciyawar kaka tana ɓoye kububuwa da kasa, ka bi hanyar da aka taka, kada ka sa silifas. Sandunan zamani kuma suna ɗaukar lantarki. Hadarin ƙarshen damina da tsawa yake zuwa, da ka ji rugugi kwantar da sanda ka bar bakin ruwa. Kafin ka yi jifa a sabon wuri, ɗaga kai ka duba wayar wuta.

Idan tafiya ta kai ka bakin teku

Masu zuwa Legas fatauci ko aiki suna iya gwadawa ta wajen Badagiri ko Tarkwa Bay. Duk abin da ka koya na karanta ruwa yana nan, sai dai an ƙara abu ɗaya da dam ba shi da shi: teku tana cika tana janyewa sau biyu a yini, kowace rana kuma lokacin yana matsawa da kusan minti hamsin. Wata ne yake jan ta, shi ya sa cikar ta fi ƙarfi a kwanakin tsayuwar wata da wajen sha huɗu ga wata. Kifi yana ci ne idan ruwa yana tafiya, musamman a bakin da tafki yake haɗuwa da teku. Idan ruwa ya tsaya, shi ma ya tsaya. Ana samun jadawalin cikar teku a waya.

Kayan dam sun yi ƙanƙanta a can. Kana buƙatar sanda mai mita 2.7 zuwa 3, manaɗi lamba 4000 ko 5000, cokali giram 30 zuwa 40, da waya a gaban koto saboda barakuda, wani kifin teku mai kaifin haƙora. Mai fatsar ƙwaro ya nemi sanda da zare lamba 8 ko 9. Kada ka ba igiyar ruwa baya, kada ka taka dutse mai kore, kuma kada ka shiga ruwa ya wuce gwiwa, domin tekun Legas tana da ja mai mayar da mutum ciki. Da ka dawo masauki wanke sanda da manaɗi da kowane koto da ruwan famfo, gishiri yana cin ƙarfe cikin 'yan kwanaki.

A gida ma kayan suna son kulawa. Sassauta birki bayan kowace fita, shanya ƙwarin gashi kafin ka rufe su a gwangwani, yanke mita ɗaya daga bakin zare idan ka shafa ka ji kaushi, kuma kada ka bar nailan a rana ko a cikin mota.

Wajen Nuwamba, idan ƙurar hunturu ta fara sauka, ruwa zai ja baya ya bar ciyawa a tudu, fara ta ragu, safiya ta yi sanyi. A lokacin ajiye farar soso. Daina sammako, fita da hantsi idan rana ta ɗumama ruwa, sa cokali mai giram 14, nemi inda tsohon kwarin rafi ya matso kusa da gaɓa, ka ƙirga goma kafin ka fara naɗi.